Rasuwar Tamaular Malam Tanko a Al Wakrah

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da har yanzu bai gama bushewa ba, Malam Ɗalhatu Tanko, direban motar ma'aikata mazaunin unguwar Al Asmakh a Doha, yana sanar da 'yan'uwa na Doha da na gida rasuwar tamaular mahaifinsa, wadda aka fi sani da Dattijuwa. Ta cika ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar, a wani filin ƙasa da ke Al Wakrah, sakamakon bugun ƙafar dama. Ta haura shekara sittin a duniya.

Marigayiyar 'yar asali ce. Fatar saniya ce zalla, mai baki ɗinke da igiya, irin ta zamanin da idan aka yi ruwa sai ta sha ta ƙoshi, duk wanda ya sa mata kai kuwa sai an tambaye shi sunan garinsu. Ta kama aiki a shekarar da wata jami'a a Arewa ta kafa ƙungiyar ƙwallonta ta farko, lokacin da sharaɗin shiga ƙungiyar shi ne mutum ya zo fili. Marigayi Tanko, mahaifin Ɗalhatu, kallo ya zo. Aka ga yana da tsawo, aka tsayar da shi gola.

Tarihi bai manta da wannan kakar wasa ba, duk da ƙoƙarin da 'yan ƙungiyar suka yi don ya manta. 'Yan kwalejin horon malamai sun ci su. Ma'aikatan jirgin ƙasa sun ci su, suka kuma ba su haƙuri. 'Yan sakandaren da aka gayyato don a huce a kansu sun zo babu takalmi, suka ci su suka koma aji. Nasara ɗaya da aka samu ita ce ranar da motar abokan karawa ta maƙale a laka, kuma an yi mata walima. A duk wannan hidima marigayiyar ta nuna tarbiyya: ba ta taɓa wuce ragar Tanko ba tare da ta shiga ta gaishe shi ba.

Sai a wasan ƙarshe aka ba da fanareti. Tanko ya runtse ido, ya faɗi gefen da bai yi niyya ba, ita kuma ta same shi a ƙirji da wani sauti, dum, wanda shi kaɗai ne abin alfaharin jami'ar a shekarar. Aka ɗauke shi a kafaɗa. Malamin wasanni ya ce ya tafi da ita gida, hukuma ta gaji da ganinta.

Da labarin wannan dum ɗin aka yaye Ɗalhatu. Duk sallah sai uban ya maimaita shi, 'yan kallon ciki suna ƙaruwa kowace shekara. Da Tanko ya rasu, 'yan'uwa suka raba riguna da rediyo, Ɗalhatu ya miƙa hannu ya sauko da tamaula, babu wanda ya yi masa gardama. Ranar da zai taho Doha ya cire ƙuli-ƙuli da takalmin Juma'a daga jaka don ta samu wuri. Matarsa Zaituna ta tsaya tana kallo.

"Maigida, mutane na tafiya da hoton 'ya'yansu," ta ce, "kai kuma da fata."

A Al Asmakh marigayiyar ta zauna saman kabad, daidai bakin na'urar sanyi, wurin da abokan ɗakinsa suka daɗe suna hange. Ba ta taɓa shiga rigimar kowa ba. Amma zafin ƙasar ya taɓa ta. Fatarta ta fara tsagewa, ya riƙa shafa mata man kaɗanya. Ta fara sakin iska, fiiis, a hankali kamar tsohuwa mai gyangyaɗi. Ya kai ta wajen wani mai gyaran takalmi a kasuwa, wanda ya juya ta, ya girgiza kai, ya ce khalas, wato tata ta ƙare. Ɗalhatu ya ce mutumin bai san aikinsa ba.

Ranar da abin ya faru ana wasa ne tsakanin 'yan Najeriya da 'yan Zangon Gana. Ɗalhatu ya naɗe ta a tawul ya kawo ta ta sha iska kawai. Ana ɗaya da ɗaya, aka ba 'yan Najeriya fanareti, kafin a buga kuma ƙwallon wasan ya gangara titi, tankar ruwa ta taka shi. Nan idanu suka koma kan tawul.

Osman, kyaftin ɗin 'yan Zango, ya matso. "Baba Ɗalhatu, bugu ɗaya ne. Yalla, yi sauri kafin magariba."

Ya ƙi. Sai Garzali, mai gadi a Madinat Khalifa, wanda shi zai buga, ya dafa ƙirji. "Yaya, wallahi taɓa ta kawai zan yi, kamar mai tashin jariri."

Ɗalhatu ya dubi raga, ya dubi golan 'yan Zango, Wahid, dogo siriri yana tsaye. Tun Ɗalhatu yana ƙarami yake jin labarin wannan dum ɗin, bai taɓa jin sa da kunnensa ba. Ya warware tawul.

Garzali ya ja da baya har ya kusa fita daga fili, ya taho a guje. Ba dum aka ji ba. Ɓas aka ji. Robar cikin ta wuce ta faɗa raga, fatar kuma ta tashi sama ta sauka a hannun Wahid. 'Yan Najeriya suka ce an ci, 'yan Zango suka ce an kama. Suna wannan musu Ɗalhatu ya bi fili yana tsintar igiya.

Marigayiyar ta bar Ɗalhatu, da famfo ɗaya, da rabin gwangwanin man kaɗanya, da hoton ƙungiyar wanda mai ɗauka ya yanke kan Tanko, da kuma gardamar da har yau ba a raba ba.

Da Ɗalhatu ya buga wa mahaifiyarsa, Hajiya Maimunatu, waya, ya ɗauka dariya za ta yi. Ba ta yi ba.

"Ka turo ta gida, Ɗalhatu," ta ce. "Ƙusar da babanku yake rataye ta tana nan. Ban cire ba."

Don haka ba za a binne ta a Doha ba. Mudasiru, abokin ɗakin Ɗalhatu da zai tafi hutu mako mai zuwa, ya amince zai raka gawar a jakarsa ta hannu. Za a zauna karɓar gaisuwa ranar Juma'a bayan la'asar a ɗakin Malam Ɗalhatu da ke Al Asmakh, kowa ya taho da kofinsa. Ana roƙon Osman da mutanensa kada su tayar da zancen an ci ko ba a ci ba. Garzali ma yana iya zuwa, da sharaɗin ya bar ƙafarsa ta dama a bakin ƙofa, wajen takalma.