Na Bakwai Ya Samu Kujerar Tarayya

Duk wanda bai ga alƙalin garinmu, Dakta Eleuterio Ojeda, yana ratsa dandalin Santa Rufina da hantsi ba, bai san abin da ake kira kwarjini ba. Baƙar kwat cikin zafin da ke narkar da kwalta, sanda mai kan azurfa, ga lambar zinariya tana lilo a ƙirji. Mata na janye 'ya'yansu, maza na tsallakawa ɗaya gefen titi. Shi kuwa sai ya gyaɗa kai, ya ce a ransa haka ya kamata adalci ya razana mutane.

Lambar nan ita ce jarinsa. Shi ne namiji na bakwai a jere a ɗakin uwarsa, kuma bisa al'adar ƙasarmu, irin wannan yaro Shugaban Ƙasa ne ubansa na baftisma. A zamaninmu, lokacin da Fada, limamin coci, yake koya mana rubutu da bulala a hannun hagu, kowa ya san dalili. Tsofaffi sun ce ɗa namiji na bakwai, in Juma'a ta dace da cikar wata, yakan rikiɗa ya zama ƙaton kare, ya bi akurkin kaji. Albarkar Shugaba ce kaɗai ke karya abin. To, in za a faɗi daidai, Shugaban bai zo da kansa ba, sajan ɗin 'yan sanda ya aiko da lambar, kuma kafin yaron ya fara rarrafe sojoji sun tumɓuke shi. Mutanen gari suka yi lissafinsu, suka ga maganin bai kama ba.

Dakta bai taɓa jin wannan lissafi ba. Abin da ya sani shi ne, shi ɗan Shugaba ne, ko wane ne Shugaban. Hoton Shugaba yana sauka daga bangon ofishinsa, wani yana hawa, ƙusa ɗaya ce. "Ubana ba mutum ba ne, kujera ce," in ji shi. Mu kuma a bayan idonsa Na Bakwai muke ce masa.

Ko a wurin shan shayin mate, inda ƙoƙo ɗaya da tsinken zuƙa ɗaya ke zagaya jama'a daga lauya har masinja, shi nasa daban ake ba shi. Babu mai sa baki inda ya sa. Ya sha faɗa wa baƙi cewa a duk lardin shi kaɗai ake yi wa wannan karamci.

Shari'arsa da ta fi fice ita ce ta karen mahauci, wanda aka kama da gashin kaji bakwai a baki. Dakta ya yi wuni yana jawabi, rabi da Latin ɗin da ko Fada ba zai gane ba.

"Ya ku jama'a! Wa ya ga haƙori ya shiga nama? Gashi a baki ba hujja ba ne! Muddin ina kan wannan kujera, ba za a zalunci bawan Allah don yana tafiya da ƙafa huɗu ba!"

Aka sallami kare. Masu kaji suka fita suna kallon juna. Naka sai naka, in ji masu magana.

Ana nan sai kujerar babban alƙalin kotun tarayya ta faɗi a can kudu, inda iska ke kayar da tumaki. Sunaye biyu aka kai majalisar dattawa: na Dakta, da na Alƙali Zacarías Maidana, mutum mai sanyin hali wanda ke gama shari'a kafin abincin rana. Dakta ya daina barci. Ya sa aka wanke lambar da toka, ya yi wa tela odar alkyabba tun ba a ce komai ba. Da labari ya zo cewa Sanata Irrazábal, wanda zai zo jin ra'ayin gari, ya fi karkata ga Maidana, sai ga Dakta ya rame har kwat tana yi masa yawa.

Bai san gari ya fi shi shiga damuwa ba. A ɗauke musu Maidana, a bar musu Na Bakwai?

Ranar da Sanata ya iso aka gasa masa saniya guda a gonar Don Anacleto, babban wan Dakta. Sanata ya tambaya, yana suɗe yatsa, yaya Maidana yake.

"Wayyo, ranka ya daɗe, ƙirjinsa ba ƙwari," in ji Doña Casimira mai kiwon kaji. "Sanyin kudu zai kashe mana shi a mako guda."

"Dakta Ojeda fa?"

Sai gari ya ɓarke. Mahauci ya rantse ba a taɓa haihuwar irinsa ba. Limamin coci ya ce ɓarna ce a bar wannan ilimi a ƙauye. Doña Casimira ta fashe da kuka, ta ce ƙasa ta fi su bukatarsa, su sun haƙura. Har Maidana, wanda matarsa ke da zakaru masu tsada, ya miƙe ya ce ya janye.

Dakta ya share hawaye da bayan hannu. "Yaya, ashe haka suke ƙaunata?"

"Kai dai ci nama, Auta," in ji Don Anacleto.

Takardar naɗi ta zo. Mutanen gari suka raka shi tashar jirgin ƙasa da safe, kwansu da kwarkwatarsu. Ya tsaya a matakalar jirgi cikin sabuwar alkyabba.

"Kada ku yi kuka, 'ya'yana! Rana ba ta gari ɗaya ba ce. Ubana ya kira ni, ni kuwa ɗa ne mai biyayya!"

Ba su watse ba sai da suka tabbatar hayaƙin jirgin ya ɓace.

Sai dai kogi ya yi ambaliya ya shafe gada, jirgi ya tsaya, aka ce sai wani makon. Da la'asar sakaliya Dakta ya dawo a bayan amalanke, yana tunanin yadda zai lallashi marayunsa. Tun daga nesa ya jiyo kiɗa. Ya tarar da dandali cike, ana rawa, ana harba bindiga sama, kaji na yawo ko'ina sakaka kamar sun gaji garin.

Kiɗa ya tsaya cak. Dakta ya hau kan benci, ya ɗaga hannu.

"Na gane! Kuna danne baƙin ciki ne da rawa! To ku yi murna, ga ni na dawo, zan ƙara kwana bakwai tare da ku!"

Don Anacleto ya dubi gabas, inda cikakken wata ke leƙowa jajawur kamar faifai. Ya cire hula ya sosa ƙeya.

"Auta, yau fa Juma'a ce."

Ban taɓa ganin dandali ya watse da irin wannan sauri ba, ko ranar da sojoji suka shigo. Kowace mace da kaza a hammata, tagogi na rufuwa bi da bi. Dakta ya rage shi kaɗai a kan benci, hannu a sama, jawabi a baki.

A duk Santa Rufina, wanda ya tsaya sauraron babban alƙalin tarayya ɗaya ne tak. Karen mahauci ne. Ya zo ya zauna a gabansa yana kaɗa wutsiya.