Maharbin Mararraba

Ba kowane ƙauye Allah yake yi wa baiwar da ya yi wa Ak-Tuyak ba. Duwatsu dai kowa yana da su, haka tumaki da dusar ƙanƙara. Amma tsohon Mataimakin Daraktan Hatimi guda ɗaya ne a duk ƙasar Kirgiz, kuma mu ya zaɓa. Sagimbek Orozaliyev ya yi shekara talatin da huɗu a birni yana danna hatimi a kan takardu, ba a taɓa samun wanda ya karkace ba. Da ya ajiye aiki sai ya tuna cewa jinin maharba ne ke gudana a jikinsa, duk da yake yana ɗan shekara bakwai aka raba shi da karkara. Ya iso da matarsa Kalica, da akwatin lambobin yabo, da taswira.

Da ɗan gari akan ci gari, in ji masu magana. A wurinmu ba da baki ake faɗa wa baƙo inda yanyawa take ba. Sai ya bi dattijo a baya bisa doki, ya riƙe masa linzami, ya kame bakinsa har kaka biyu. Dattijo Jumakadir, wanda ya fi kowa sanin kwazazzaban nan, ya yi masa wannan tayin cikin ladabi.

“Baba,” in ji Darakta, “ni ban taɓa bin bayan kowa ba sai Minista. Ku farautar gado kuke yi, ni kuwa ta ilimi zan yi.”

Ya sayi gaggafa, ya raɗa mata suna Sufeto. Ko jaririn Ak-Tuyak ya san yunwa ce ke sa gaggafa farauta, shi ya sa ake auna mata nama kamar magani. Darakta ya ga wannan zalunci ne. Sau uku a rana yake ciyar da ita, har da ɗan lasa-baki bayan la'asar.

“Malam Sagimbek, wannan tsuntsuwa kiwon layya kake yi mata?” Jumakadir ya tambaye shi.

“A ofishina ba wanda ya taɓa aiki da yunwa, kuma duba inda muka kai ƙasa!”

Aka duba.

A zaman shayin da ya biyo baya ya miƙe tsaye, ya gyara lambobinsa, ya yi alkawari gaban jama'a: ranar walimar shigowar hunturu Sufeto za ta kama nama kowa yana kallo, shi kuma a zaunar da shi a kan shimfiɗar manya, a ajiye masa kan rago. Kan rago kuwa, kamar yadda aka sani, na wanda ya fi kowa daraja ne a wurin, kuma shekara goma sha biyu ke nan yana sauka gaban Jumakadir.

Saura inda za a yi farautar. Darakta ya shimfiɗa taswira, ya ɗauki jan fensir, ya lura cewa duk hanyoyin da suka gangaro daga dutse a mararrabar bakin gada suke haɗuwa. Ya yanke hukunci cewa naman daji ma, in dai yana da tsari, ta nan zai bi. Nan ya kafa dokinsa kullum da yamma, Sufeto tana gyangyaɗi a kan hannunsa.

Abin mamaki, ilimi ya yi aiki. Akwai al'adar da muke kira shiralga: maharbin da ya dawo da nama, in ya gamu da mai hannu wofi, wajibi ne ya yanka masa rabo. Maharba suka riƙa gangarowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya gan shi sai ya sauka, ya kwance jakar sirdi, ya miƙa masa cinyar zomo ko tsokar akuyar dutse. Darakta ya gane abin nan take, domin ya saba ganin irinsa a ofis: gaisuwa ce ƙanana suke kawo wa babba. Yakan karɓa da ɗan gyaɗa kai, ya ce, “Madalla, a ci gaba da ƙoƙari,” ya yago wa Sufeto nata tun jakar tana buɗe.

“Kalica, na gano wurin da kakanninsu ba su sani ba!”

“Haka ne, maigida,” in ji ta, tana ƙara gishiri a tukunya. Ita a karkara ta girma, ta san sunan abin. Amma mace mai hankali ba ta faɗa da cikakkiyar tukunya. A ƙauye kuwa tuni an naɗa shi Maharbin Mararraba. Da labari ya kai masa sai ya ce sarautar ta yi daidai, saura takardar shaida.

Ranar walima da hantsi aka fita bayan gari, maza bisa dawakai, mata a kan tudu. Aka tayar da zomo daga cikin ciyawa, ƙato, mai nauyin gudu, irin wanda ko kaza za ta yi sha'awar bi. Darakta ya zare wa Sufeto hular fatar da ake rufe mata ido da ita, ya ɗaga hannu sama, ya yi tsawa: “Zartar da umarni!”

Sufeto ta dubi zomo. Zomo ya dubi Sufeto. Ta buɗe fukafukai da ƙyar, ta tashi kamar buhun sha'ir, ta wuce ta kan zomon ba ko sallama, ta dira a kan jakar sirdin Jumakadir, ta soma tsattsagar igiyar da baki.

Ba wanda ya yi dariya, domin mu mutane ne masu tarbiyya. Sai dai tari ya kama maza da yawa a lokaci guda. Jumakadir ya shafa kan tsuntsuwar.

“Kada a ga laifinta, jama'a. Ɗaliba ce mai hazaƙa. Inda malaminta ya nuna mata nama yake fitowa, nan ta je.”

A wurin cin abinci kan rago ya sauka inda ya saba sauka. Dattijon ya zaro wuƙa yana rabawa bisa al'ada: kunci ga tsofaffi, ido ga amini. Sa'an nan ya yanke kunne, rabon da ake bai wa masu tasowa don su koyi sauraro, ya ɗora a faranti, ya miƙa wa Darakta da hannu biyu.

“Gobe da sassafe zan hau dutse, Malam Sagimbek. Ina neman mai riƙe mini linzami.”

Darakta ya tauna kunnen a natse, guringuntsi yana ƙara. Washegari an gan shi a bayan dattijo, taswira naɗe a aljihu. Ya dai shaida wa Kalica cewa rangadin duba aiki zai tafi, kuma a tsarin rangadi, babba shi ne yake tafiya a baya.