Rasuwar Tabaran da Ango Ya Zauna a Kansa

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da idanu masu zubar da ruwan da ba na kuka ba, ni Silas Yamusa, mai gyaran keken ɗinki a Dutse Alhaji, nake sanar da 'yan'uwa, da maƙwabta, da telolin da ke kawo mini aiki, da 'yan ikilisiyarmu ta sashen Hausa, rasuwar tabarauna na karatu. Ya cika ranar Talata da hantsi a wani asibitin ido da ke Garki, a ƙarƙashin mazaunan Godfrey, wanda zai auri 'yata Jessica ranar Asabar in Allah ya yarda, in ni ma ban janye tawa yardar ba.

Marigayin ba ɗan gidan manya ba ne. A kan faranti na same shi a bakin tasha, shekarar da na haura arba'in, lokacin da sai na miƙe hannu har ƙarshe kafin in ga rubutu, daga baya hannun ma ya gaza. Mai sayarwa ya ba ni jarida in gwada. Na ce ya riƙe jaridarsa, na ciro allura da zare daga aljihu. Zare ya wuce kafar allura a karo na farko. Tun daga ranar ba mu rabu ba.

Ban yi nisa a makaranta ba. Da kaina na koyi karatu, da yatsa a kan layi, kuma da taimakon marigayin na kai ga tsayawa gaban jama'a ran Lahadi ina karanta Littafi Mai Tsarki ba tare da in-ina ba. Amma babban aikinsa ba wannan ba ne. Babban aikinsa shi ne saukowa ƙarshen hanci. In ya sauko, na leƙo mutum ta samansa, magana ta ƙare. Telan da ya zuba man gyaɗa a kekensa ya zo yana rantsuwa bai san abin da ya same shi ba, da leƙe ɗaya yake faɗin gaskiya. Matashin da ke danna waya ana wa'azi, da leƙe ɗaya yake mayar da ita aljihu. Jessica kanta a ƙarƙashin wannan leƙe ta girma, ban taɓa ɗaga mata hannu ba.

Ba shi da surutu. Da safe in na buɗe shi yakan ce ƙis, da dare in na naɗe shi yakan ce ƙis. Iyakar maganarsa ke nan, kuma ta fi ta mutane da yawa amfani.

Ya yi jinya, ba zan ɓoye ba. Hannunsa na hagu ya karye, na ɗaure da baƙin zare. Notinsa ya faɗi, na sa guntun waya. Gilashin dama ya sha karce. Duk da haka bai taɓa fashin aiki ba. Abin da ya kashe shi ba ciwo ba ne, hoton biki ne.

Jessica, wadda tun da ta sami aikin ofis na tashi daga Baba na koma Dadi a bakinta, ita ce ta ce, “Dadi, don Allah ba za ka shiga hotona da wannan abu mai zare ba.” Ban yi mamaki ba. Garin nan kowa gudun shekarunsa yake yi. Dattijo mai jikoki yana shafa wa gemu baƙi kamar takalmi, yana nesanta waya da fuska yana ƙifce-ƙifce, wai shi har yanzu idonsa ƙalau. Tsufa ya zama laifin da ake ɓoyewa, ƙarya kuma ta zama kwalliya.

Suka ɗauke ni, ita da angon nata, zuwa wurin likitar ido, wata yarinya mai suna Bilqis. Zan yi mata adalci: ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ce abin nan ba ciwo ba ne, shekaru ne, ido ne ya daina lanƙwasawa ya kama abu na kusa. Ta nuna mini abin da suke kira kwantak, ɗan faifan roba mai laushi, siriri kamar fatar albasa, wanda ake ɗorawa a kan ƙwayar ido da yatsa. Ta ce hanyoyi uku ne. Akwai mai zobe-zobe a ciki, wani zoben na kusa, wani na nesa, ƙwaƙwalwa ce za ta koyi zaɓa. Akwai kuma a raba wa idanu aiki, na dama ya ga nesa, na hagu ya ga kusa, wato idanun da suka yi shekara hamsin suna zaman lafiya yanzu a raba musu gado. Na ukun, a sa kwantak don nesa, a ɗora tabarau don karatu. Wannan kam nan take na yi watsi da shi. Mutum ya tsone idonsa kullum safiya, sannan ya koma inda ya fito.

Ta ƙara da dokoki: a wanke hannu tas, kada a kwana da shi, kada ruwan famfo ya taɓa shi. Na nuna mata faratana da baƙin man keke ya zauna a ciki tun kafin a haife ta. Ta duba, ta ce, “Baba, sai dai ku nemi buroshi.”

Don a gwada mini mai zoben, na cire marigayin na ajiye shi a kan benci, wurin da duk mai ido zai gani. Godfrey yana da idanu biyu lafiyayyu, amma duka biyun suna kan wayarsa. Ya zauna. Marigayin ya ce ƙas, sau ɗaya, da muryar da ban taɓa ji daga gare shi ba.

Na juyo in leƙi yaron nan kamar yadda na saba. Na sunkuyar da kai, na ɗaga gira. Babu abin da zan leƙa ta samansa. Ga sabon abu a ido, ruwa sai zuba yake yi. Godfrey ya dube ni ya ce, “Ayya Dadi, kar ka yi kuka, sori, zan saya maka sabo.” Ya rungume ni. A gaban mutane. Har da bubbuga mini baya.

A nan na gane girman rashin. Ranar Asabar ni zan karanta nassi a ɗaurin auren, kuma akwai wurin da aka umarci maza su ƙaunaci matansu, kada su yi musu kaushin hali. Na shirya tun da daɗewa cewa a daidai nan zan tsaya, in leƙo ango, ya san cewa yarinyar nan tana da uba. Yanzu kuwa yaron ya ɗauke ni dattijo mai saurin hawaye. Ba zan miƙa 'yata ga mutumin da ba ya shakkata ba.

Marigayin ya bar ni, da matata Christiana wadda ta sha neman sa yana bisa kaina, da gidansa na gwangwani, da tabo biyu a kan karan hancina. Ya bar kuma magaji, wannan fatar albasa, wadda dole in faɗi gaskiya tana nuna mini kafar allura da lambar mota a lokaci ɗaya, amma ba ta da kwarjini ko na anini.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da yamma a bayan shagona. Godfrey ne zai haƙa ramin, da hannunsa, wayarsa tana aljihuna. Gutsattsarin gilashin kaɗai za a binne. Firam ɗin, wato ƙarfen da ke riƙe gilashin, na miƙe shi da filaya, na sake masa ɗauri da sabon baƙin zare. Ranar Asabar zan karanta nassi da abin likita a cikin ido, firam ɗin kuma yana ƙarshen hanci, babu gilashi, yana jiran ayarsa. Masu zuwa ta'aziyya su zo da natsuwa, su duba kujera kafin su zauna. Mai ɗaukar hoto kuma an sanar da shi cewa marigayin yana layin gaba.