Injin Barcina a Kular Biki

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zama abin kallo a ƙofar gidan surukaina a Damari, kuma ba wanda ya ja mini sai wayona.

Lokacin kuɗin mai na yawo a ƙasa, ni ma wata 'yar kwangila ta faɗo mini, na sayi mota, na ajiye tumbi. Tumbin kuwa bai zo shi kaɗai ba, ya taho da minshari irin wanda numfashi ke ɗaukewa ana cikin barci. Matata Rabi ta matsa sai da na ga likita, aka haɗa ni da wani ɗan inji mai tiyo da abin rufe hanci, wanda ke hura mini iska idan na kwanta. Likitan ya ja mini kunne cewa kada in kuskura in bar shi cikin mota a rana, zafi na lalata shi. Na ji, na riƙe. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wani ya san cewa ƙato kamata sai da inji yake barci. (Ko ƙannena ban faɗa wa ba.)

Sai ga bikin ƙanwar Rabi, a tsakiyar bazara. Ita ta riga ni tafiya da kwana uku, ni kuma zan tashi daga Kankara, in bi ta Faskari, in gangara Sabuwa. Jakar injin baƙa ce mai rubutun asibiti, duk wanda ya gan ta sai ya tambaya. Can dabara ta faɗo mini: jar kular abincin Rabi! Abin da ke riƙe zafin tuwo, ai zai riƙe sanyi. Na goge ta ta bushe, na naɗe injin da batirinsa cikin tawul, na rufe, na ɗora a kujerar baya inda sanyin mota ke kaiwa. Har yabon kaina na riƙa yi a hanya.

Na isa bayan azahar. Dattawa na zaune kan tabarmi a inuwar bishiyar bedi, har da dangin ango daga Ruwan Godiya. Na cire takalmi, na durƙusa gaban Baba, mahaifin Rabi, muka shiga gaisuwa. Abin da na manta shi ne, a gidan biki duk kular da ta zo cikin mota gudummawa ce, ba a tambaya. Ga shi ban kulle motar ba.

Ina ɗaga kai sai na ga Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda rabon abinci ke hannunta, rungume da jar kula. Ta dire ta a tsakiyar tabarma.

"Ga na surukinmu nan, tun daga Kankara. Baƙi su fara."

Wallahi na so in yi magana. Amma ta yaya zan buɗe baki gaban suruki in ce a mayar da abin da aka riga aka ajiye wa baƙi? Ina ji ina gani aka kawo faranti, aka zagaya da ruwan wanke hannu. Wani dattijo cikin dangin ango ya yi bisimilla ya ɗaga murfi. Da ya ga tawul sai ya ce, "Madalla, an lulluɓe don kar ya huce." Ya sa hannu, ya jawo tiyo. Ya yi ta ja, tiyo na ta fitowa, har abin hancin ya biyo baya yana lilo.

Dattijon ya juya shi, ya sake juyawa. "Wanga na mi ne? Na feshin gona?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Kaina a sunkuye, zufa na ɗiga daga haɓata, na faɗi gaskiya tun daga minshari har likita. Na jira dariya.

Baba ya yi gyaran murya. "Alhamdu lillahi, ashe an samu magani. Bara da kuka zo Sallah, duk lokacin da minsharin nan ya ɗauke, Hajiya sai ta tashe ni, ta ce tashi ka duba yaron mutane. Sau ukku ina zuwa bakin ƙofarka in tsaya, sai na ji ya dawo sannan in koma."

Ban taɓa jin kunya da daɗi sun haɗe mini wuri guda kamar ranar ba. Baba ya juya ga Gwaggo ya ce a kai injin ɗakin Hajiya matarsa, a ɗora shi kan kujera kusa da randa, kada ya taɓa jiƙaƙƙen yashi, don nan ne ya fi ko'ina sanyi a gidan. Ya ƙara da cewa motar da ta tsaya a rana, har kular cikinta gasuwa take yi. Baƙi kuwa sai da aka nemo musu shinkafa daga cikin gida.

Yanzu injin a jakarsa yake tafiya, kuma shi nake fara fitarwa idan na tsaya, in rataya a kafaɗa kowa na kallo. Gwaggo har gobe in ta gan ni sai ta ce, "Yau mi aka dafo mana, shinkafa ko iska?"

Abin da na koya dai shi ne, kafin ka wahalar da kanka ɓoye wani abu, ka fara tambayar masu kwana bayan katangarka. Ni sirrina nake ta naɗewa cikin tawul, ashe surukina ya daɗe yana gadinsa a bakin ƙofa.