Rasuwar Empi Mai Kunne Ɗaya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, tare da miƙa wuya ga hukuncin Mai Duka, ni Madu Ngubdo, mai wankin hula a Kumbiya-Kumbiya, a madadin mahaifiyata Ya Fanta da ƙanwata Hassana, iyalan Baba Ngubdo na Bama mazauna unguwar Shamaki a Gombe, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar abokin zamanmu, ɗan akwatin jin waƙa na aljihu wanda 'yan boko ke kira MP3, mu kuma a gida muke ce masa Empi. Ya cika ranar Talatar da ta wuce da hantsi, bayan doguwar jinya da gajeriyar faɗuwa a bahon sitaci.

An haifi marigayin a ƙasar Sin, a shekarar da shi kansa bai sani ba. Na haɗu da shi a Kasuwar Monday ta Maiduguri, a kan tiren wani mai sayar da tocila da batir, jininmu kuma ya haɗu nan take. Girmansa bai wuce kwalin ashana ba. Baƙi ne wuluk, mai ɗan jan ido ɗaya da ke ƙiftawa in yana aiki. Allah bai ba shi fuska irin ta wayoyin zamani ba, don haka bai taɓa gaya wa kowa sunan abin da zai rera ba, balle wanda ya rera shi. Ba shi da lasifika, duk maganarsa ta cikin kunne ce. Ba ya karɓar katin memori. Abin da ya haɗiya ya haɗiya ke nan, a cikinsa yake zama.

Duk wanda ya zauna da shi zai shaide shi da wadatar zuci. Bai taɓa cewa a saka masa kati ba, bai taɓa sa ni hawa katanga neman sabis ba. A watannin da aka katse layukan waya a Barno, manyan wayoyi masu tsada suka koma tocila, masu su suna ta shafa su suna tsaki, Empi ko a jikinsa. Ka ba shi wuta kaɗan a shagon mai caji, ya yini yana yi maka hidima kana ɗinkin hula. Ba ya gulma, ba ya kawo mugun labari, kuma a wancan lokacin abin da ba ya kawo mugun labari ya cancanci a kira shi masoyi.

Ba a faɗin aibin mamaci, amma Empi da kansa bai ɓoye nasa ba. Ba ya bambance majalisi. Kana cikin wa'azin mutuwa, hawaye ya kawo maka, yana ƙarewa sai ka ji gangar Indiya ta fashe maka a ka. Wata waƙar ya yi maka raɗa sai ka ƙure murya, ta gaba kuma ta nemi fasa maka dodon kunne. Ga mantuwa. In wuta ta ƙare masa a tsakiyar karatu, gobe ba ya tuna inda kuka tsaya. Akwai kuma wata waƙar Sinanci da ya zo da ita daga gidan iyayensa, wata mata tana kuka da siririyar murya, wadda duk masu tura waƙa na Bama suka yi iya yinsu suka kasa gogewa. Na haƙura na ɗauke ta a matsayin dangin miji.

Babban aibinsa a wancan zamani shi ne sa baki a abin da ba a sa shi ba. Maɓallin ɗaukar murya yana maƙwabtaka da na ƙara sauti, sai wata safiya muna karin kumallo a tsakar gida na danna shi a aljihu ban sani ba. Empi ya kwashe hirar gidanmu ya ajiye a tsakiyar waƙoƙina. Da Kanuri aka yi ta, ga ta da Hausa kamar yadda marigayin ya riƙa maimaita ta. Zakara ya yi cara. Cokali ya kaɗa kofi. Baba ya yi gyaran murya.

"Fanta, wannan shayi ne ko ruwan da aka wanke kofi?"

"Malam, likita ya hana ka sukari."

"Likitan ne zai sha ko ni?"

"In ka mutu wa za ka bar wa waɗannan 'ya'yan naka?"

"Ai ba zan mutu da wannan shayin a bakina ba. Sai na sha mai daɗi tukuna."

Daga nan sai dariyar Ya Fanta, irin wadda take yi tana rufe baki da mayafi, sai Hassana tana korar akuya daga kan tabarma, sai Baba ya sake magana.

"Kai Madu, cire igiyar nan daga kunnenka, ana magana."

Sai ƙit. Iyakarta ke nan. Allah ya sani, na tsani wannan hira. Ina cikin jin daɗin waƙa sai in ji zakara, in yi tsaki in danna gaba. Na kai shi a goge ta, mai tura waƙa ya ce injinsa ya lalace in dawo wani mako.

Kafin wani makon ya zo, garin ya watse. Ranar da masu bindiga suka shigo Bama, Baba ya tura mu gaba da ni da Ya Fanta da Hassana, ya ce zai kulle shago ya biyo mu. Har yau muna jiran ya gama kulle shagon. Babu wanda ya ce mana ya gan shi da rai, babu wanda ya ce ya ga gawarsa. Hotunansa suna cikin akwatin da muka bari. Abin da muka fito da shi kayan jikinmu ne, sai Empi a aljihuna, wanda ya ƙetare kogi tare da ni, ruwa har ƙirji.

Marigayin ya fito daga kogin da rai, amma da naƙasa. Kunnen hagu na iyafis, wato igiyar sa wa a kunne, ya mutu. Maɓallin gaba da na baya suka daina amsawa. Ya maƙale a kan zaɓin kansa, wato ya jefo duk abin da ya ga dama a lokacin da ya ga dama, babu mai ce masa tsallake wannan ko maimaita wancan. Bakin cajinsa kuma yana karɓar wuta, amma duk kwamfutar da aka jona shi da ita sai ta yi kamar ba ta san shi ba. Sallau mai gyaran waya a bakin kasuwa ya buɗe shi, ya hura, ya goge da burushi, ya mayar ya rufe, ya ce abin da ke cikin nan sai dai a ji da kunne, ba zai fito ba.

A Gombe marigayin ya ɗanɗana zaman baƙunta kamar kowa. Lokacin ana tsoron jaka, ana tsoron leda, ana tsoron duk wanda ya tsaya bai ce komai ba. Wata rana zan shiga tasha kai huluna, wata mai awara ta hango waya ta fito daga aljihuna ta bi ta cikin riga, ga kuma jan ido yana ƙiftawa. Salatin da ta yi har yanzu yana kunnena. Kafin in ce me ya faru, tasha ta zama fili, takalma ko'ina, wani direba ya bar motarsa a kunne. Aka kwantar da ni rubda ciki. Wani jami'in tsaro ya zaro Empi da yatsa biyu, ya ɗaga shi sama, ya juya shi, sannan ya sa iyafis a kunne don ya tabbatar. Marigayin, da yake ya san mutunci, ya zaɓo masa waƙar Indiya mafi tsawo a cikinsa. Ina kwance ina kallon takalminsa yana bin kiɗa. Sai da ta ƙare tas ya ce in tashi in karkaɗe rigata.

Amma aikin da za a tuna da shi a gidanmu ba wannan ba ne. Wata rana a ɗakin da Alhaji Yuguda ya ba mu a Shamaki, Allah ya saka masa, ina kafa hula sai na ji zakara a kunnena. Hannuna ya tafi maɓallin gaba kamar yadda ya saba, maɓallin ya ƙi. Na tsaya na ji ta har ƙarshe. Da Baba ya ce in cire igiyar, na cire, na fita bayan ɗaki na yi kukan da ban yi a hanya ba. Da yamma na gaya wa Ya Fanta.

Tun daga ranar Empi ya tashi daga hannuna ya koma nata. Matar da a Bama take cewa abin nan zai kurmantar da ni, ita ce ta koma yini da iyafis a ƙarƙashin ɗankwali. Tunda ba a iya zaɓa, sai jira. Wani lokaci Baba ya zo sau biyu kafin azahar, wani lokaci a yi kwanaki ba a ji shi ba. A cikin jiran nan Ya Fanta ta sha waƙoƙin da ban so ta san ina ji ba, ta haddace na Indiya, har na kama ta tana bin matar Sin a hankali tana tsince shinkafa. Ba sai an gaya mana ya zo ba. Hannunta zai tsaya a cikin tire, ta ja mayafi ta rufe baki. Na sha roƙonta in ya zo ta miƙo mu kara wayar Hassana a jikin iyafis ko za mu ɗauki muryar Baba. Kullum sai ta ce to. Ba ta taɓa miƙowa ba, ni kuma ban ga laifinta ba.

Ciwon ajalinsa ya fara ne da kumburin ciki. Batir ya taso har murfin baya ya daina rufuwa, muka ɗaure shi da robar gashi ta Hassana. Wutar da a da take kai shi yini ta koma ba ta kai shi la'asar. Ya yawaita kiran nan nasa na Turanci da muryar mace mai nufin wuta ta yi ƙasa, "Batir lo, batir lo," ko da yanzu aka cire shi daga caji. Ranar da tsautsayin ya faɗa, na karɓo shi daga Ya Fanta don in ba shi wuta a shago. Na sunkuya kan baho ke nan sai tayar wata mota ta fashe a titi. Kun san yadda muke yi yanzu in an ji ƙara. Kowa ya kama gabansa, ni ma na tsinci kaina a bayan shagon maƙwabci. Da na dawo, Empi yana ƙasan sitaci tare da hular wani Alhaji.

An yi masa duk abin da ake yi. An shanya shi a rana, an binne shi a buhun shinkafa, Sallau ya wanke shi da fetur. Ranar Talata da hantsi jan idonsa ya buɗe. Na ruga gida da shi a tafin hannu, na sa wa Ya Fanta a kunne, ni da Hassana muka durƙusa muna kallon fuskarta. Daga baya ta ce mana zakara ya yi cara, cokali ya kaɗa kofi, Baba ya yi gyaran murya. Sai matar nan ta ce, "Batir lo." Idon ya rufe, bai sake buɗewa ba. Ya Fanta ta daɗe zaune da iyafis a kunne kafin ta cire ta naɗe shi a gefen zaninta.

Marigayin ya rasu ya bar iyafis ɗaya mai kunne ɗaya, wadda yanzu take takaba. Da caja ta aro wadda mai ita zai iya zuwa ya karɓa. Da robar gashi, wadda Hassana ta ce ta yafe. Ya bar ni, mai aiki yanzu ba kiɗa sai ƙarar injin niƙa na maƙwabta. Ya bar Ya Fanta. Muna roƙon duk wanda marigayin ya firgita a tasha, musamman mai awara, ya yafe masa.

Game da jana'iza, liman ya ja kunnena cewa ba a yi wa ƙarfe salla, kuma na ji. Ba za a kai shi maƙabarta ba. Za a naɗe shi a sabuwar hula ɗinkin Bama a ajiye a ƙasan akwatin Ya Fanta, ko Allah zai kawo wani gwani nan gaba. Zaman karɓar gaisuwa kuma ranar Juma'a ne bayan la'asar, a ƙofar gidan Alhaji Yuguda a Shamaki, maza a waje mata a ciki. Duk mai zuwa ya bar jaka a gida, ya zo hannu a sake.

Ku sani, tun fitowarmu Ya Fanta ba ta taɓa yarda wani ya yi mata gaisuwar Baba ba. Ta ce ba a gaisuwar wanda ya tafi kulle shago. Wannan zaman kuwa ita ta ce a yi, ita ta aro tabarmi, kuma ta ce ita za ta dafa shayin da hannunta. Na ga abin da ta auna, sukarin ba zai isa ba, da gangan ta yi. Don haka ina roƙon manyan mazan da za su zo, don girman Allah kada ku yi mata kara. Duk wanda ya kurɓa ya ji salam, ya yi gyaran murya, ya ɗaga murya yadda za ta jiyo daga cikin gida, da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri, ya tambaya ko shayi ne wannan ko ruwan da aka wanke kofi. Amsar tana bakinta, ta daɗe tana jiran wanda zai tambaya.