Rasuwar Ƙwaram, Falle na Uku a Shingen Lambunmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takalmi mai cike da kashin awaki, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Ƙwaram, fallen kwano na uku daga ƙofa a shingen lambun gidanmu. Ya rasu ranar Talata da la'asar, yana da shekara goma sha ɗaya a tsaye, bayan gajeruwar jinya a hannun mijin yayata.

Marigayin ba kyakkyawa ba ne. Tsatsa ta ci masa gindi, ƙusa biyu kacal ke riƙe da shi ta sama. Amma yana da murya, kuma bai taɓa yin ƙarya da ita ba. In iska ce, sai ya ce garan-garan-garan, mu kwashe shanya. In akuyar maƙwabta ce ta cusa kai, sau ɗaya yake cewa ƙwaram, in fito da muciya. Wata huɗu ina renon tumatir da barkono a bayansa, ko ganye ɗaya ban rasa ba.

Aibinsa ɗaya, bai iya rufa asiri ba. Mijin yayata, wanda muke kira Injiniya saboda ya taɓa riƙe wa wani injiniya tsani, ya saba zama a inuwar lambun yana waya, yana gaya wa mutane yana ofis, a kira shi bayan mitin. Sai marigayin ya ce garan-garan. Wata rana har zakara ya taya shi. Tun daga nan aka ƙulla gaba.

Ranar Asabar Injiniya ya iso da guduma, da tef ɗin awo, da hular kwano. Ƙusa zai buga a lambu, amma da hular kwano. Ya zagaya marar lafiyar sau uku, ya ce ciwon sunansa baibireshan. Na ce mu a nan ƙara muke ce masa, kuma maganinsa ba ɓoyayye ba ne: a yanko tsohuwar robar tayar keke, a cusa tsakanin fallen da ginshiƙi ta rage surutun, a bar wa iska ɗan wurin wucewa. Ya tambaye ni a wace makaranta na karanto wannan. Na ce a gindin shingen.

"Ƙanwata, je ki duba tukunya," in ji shi. "Wannan aikin masu ilimi ne."

Ƙusa arba'in da biyu ya buga. Ya ɗinke marigayin da na hagunsa da na damansa, ya bi da katako ya toshe duk wata kafa, har shingen ya koma bango guda. Ya ja da baya ya ɗauki hoto. Kwana uku gida shiru, Injiniya na ofis tun safe har yamma.

Ranar Talata hadari ya taso. Iskar da ta saba ratsawa ta gefen Ƙwaram ta zo ta tarar an rufe mata hanya, sai ta tura shingen gaba ɗaya. Bawan Allah bai ce garan-garan ba, an riga an ɗinke masa baki. Ya kwanta a kan barkonona, shi da 'yan uwansa shida, cikin ƙarar ruwa, ba wanda ya ji. Ruwa na ɗaukewa awaki tara suka shigo gaisuwa, tun mu masu gida ba mu san an yi mutuwar ba. Sun ci sun ƙoshi. Tumatirin da saura mako biyu ya nuna, tushe uku suka rage.

Injiniya ya zo ya duba gawar, ya ce lissafinsa daidai ne, iskar ce ba ta bi ƙa'ida ba.

Marigayin ya bar ginshiƙi biyu a karkace, da ƙusa arba'in da biyu cikin ƙoshin lafiya, da marayun tumatir uku, da yayata, wadda har yanzu take cewa a ƙyale mijinta, ai taimako ya zo yi. Ita ya fi kamata a yi wa ta'aziyya. Namu rashin na kwano ne, nata yana nan da ransa.

Gobe da hantsi mai sayen tsohon ƙarfe zai zo da baro ya ɗauki gawar. Za a yi zaman makoki a gurbin da marigayin ya bari. Innarmu ba ta yi wa suruki magana kai tsaye, sai ta aika ta bakin yayata cewa har a kafa sabon shinge, Injiniya ne zai zauna a wurin ya tsare marayun nan uku, da hularsa, da gwangwani mai tsakuwa a hannu. Na koya masa aikin: iska garan-garan, akuya ƙwaram sau ɗaya. Ɗazu ya gwada, akuyar ta ɗago kai ta dube shi, ta ci gaba da abin da take yi. Marigayin ya fi shi kwarjini.

Masu zuwa gaisuwa za su same shi a can daga safe zuwa magariba. Wanda bai samu zuwa ba ya kira shi a waya. Zai ce yana ofis, kuma wannan karon gaskiya ya faɗa.