Nomau da Saiwar Ɗinya

A Unguwar Kwari akwai wani mutum wai shi Nomau. Gemu ya cika masa fuska, amma hankalinsa kullum yana can wajen gajimare. Ba shi da kowa a duniya sai Gwaggo Tasalla mai magani, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta goye shi tun yana jinjiri. Abin da ta ce shi zai yi, ba ragi ba ƙari.

Wata rana da farkon damina gudawa ta shigo unguwar, ta kwantar da Gwaggo har idanunta suka faɗa. Ta ce, "Je ka ɗinyar bakin fadama ka haƙo mini saiwa. Amma ka yi mata sallama, ka nemi izininta tukuna. Haka muka gada." Nomau ya je ya durƙusa ya yi sallama. Shiru. Ya zauna jiran amsa. Iska tana kaɗa ganye, inuwa tana yawo a ƙafafunsa, har ya ga kamar bishiyar tana shirin buɗe baki. Sai la'asar sakaliya ya dawo hannu rabbana.

"Ina saiwar?"

"Tana nazari, Gwaggo. Ban so in matsa mata ba."

Wata rana, wato washegari, Gwaggo ta ce, "Ta yarda, ta aiko mini. Ka bi saiwar a hankali, kada ka tsinka ta." Nomau ya sa fartanya. Saiwa ta yi gabas, ya yi gabas. Ta ratsa gonar gyaɗar Baba Jatau, ya ratsa, kunya bayan kunya. Tsohon ya iso yana kumfar baki.

"Kai Nomau, me gyaɗata ta yi maka?"

"Yi haƙuri, Baba, biyo ta nake yi. Ita ta san hanya."

Ya koma gida da saiwa gaba uku da ƙulu a ƙeya.

Wata rana, bayan ya tafasa saiwar a tukunya ta sha ruwan nan ja mai bauri, Gwaggo ta ce da ƙyar, "Kada ka bar komai ya shiga cikina sai abin da ya fito daga tukunyar nan." Nan take Nomau ya kife randa, ya rataye moɗa can saman rumbu. Ƙishi ya kama ta tsakar rana, ta roƙe shi ruwan sanyi ko maƙwarwa ɗaya. Ya tsuguna yana hawaye, don tsoron rasa ta ya cika masa ciki, amma ya hana. Maƙwabta suka yi ta zuwa suna gutsurar saiwar suna kaiwa gida su jiƙa a ruwan rijiya, shi kuwa yana ta ƙara ruwa yana hura wuta.

Kwana bakwai Gwaggo ta miƙe da ƙafarta. Maƙwabta kuwa, ga saiwa suna sha, ga ciwo bai sake su ba. Ran nan aka yashe rijiyar unguwa, aka fito da mushen akuya.

Gwaggo ta leƙa tukunya. Ruwa fari tas, da ɗan guntun saiwa kamar tsinken sakace yana juyi a ciki.

"Nomau, tun yaushe maganin ya ƙare?"

"Kwana biyar ke nan. Amma daga tukunyar yake fitowa, Gwaggo."

Sai ta gane tafasasshen ruwa ne ya tashe ta, ba saiwa ba. Shekara arba'in tana ba mutane magani. Ta share ido da bakin zane, ta ce, "Ƙaro itace, ɗana. Ka gaya wa kowa ya kawo tulunsa."